Dishi-dishin Zane a Takardun Fasaha: Inda Layi Ke Komawa Ɗigo

Koke ne da ba ya ƙarewa a bakin masu shirya rahoton bincike, da littafin koyar da sarrafa na'ura, da taswirar gini ko ta wayoyin lantarki. Zane yana nan tas a cikin manhajar da aka yi shi, layukansa kamar da reza aka yanka su, amma da zarar an fitar da takardar a matsayin PDF domin a raba wa jama'a, sai ya yi dishi-dishi, ƙananan lambobi su cakuɗe, gefen layi ya yi gashi-gashi. Maganin da kowa ke fara rugawa gare shi shi ne ƙara yawan ɗigo a kowane inci, daga 150 a kai 300, daga 300 a kai 600. Abin yakan ɗan yi sauƙi, fayil ya kumbura, a ce an gyara. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Zanen da aka gina da lissafi ba shi da ɗigon da za a ƙara masa, kuma ba ya iya yin dishi-dishi ko da an so ya yi. Duk lokacin da aka ga ya yi, to a wani wuri tsakanin teburin mai zane da idon mai karatu ya daina zama abin da yake, an mai da shi hoto ba tare da an sanar da kowa ba. Gyaran gaskiya shi ne a gano wannan wurin a toshe shi.

Kwamfuta tana ajiye siffa ta hanya biyu. Ta farko tana kama da saƙar tabarma: fili ne da aka raba gida-gida, kowane gida da launinsa, sai an ja da baya ake ganin ado. Wanda ya taɓa lura da tabarmar kaba ya san cewa layin da ya bi karkace a jikinta ba miƙaƙƙe ba ne, matakala ce, domin saƙa ba ta san komai ba sai gida bayan gida. Haka hoton kyamara yake, haka hoton da aka ɗauka daga fuskar kwamfuta yake, kuma shi muke kira hoton ɗigo. Adadin gidajensa ƙayyadadde ne tun ranar da aka yi shi. In aka faɗaɗa shi, manhaja ba ta da abin yi sai ta ƙara wa kowane gida girma, ko ta cike tsakani da launin da ta kintata, kuma wannan kintacen shi ne hazon da ido ke gani. Hanya ta biyu tana kama da umarnin da ake bai wa magini a fili: kafa turke a nan, ja igiya zuwa can, kaurin bango kaza. Umarnin bai damu da girman filin ba, kuma kowane magini zai aiwatar da shi da iyakar ƙwarewar hannunsa. Wannan shi ne zanen lissafi, wanda masana ke ce wa bekta. Abin da ke cikin fayil ɗinsa wurare ne da alaƙar da ke tsakaninsu. Sai a lokacin nunawa ko bugawa na'ura ke mai da shi ɗige-ɗige, daidai da kaifin da take iyawa: wayar hannu da nata, firintar ofis da nata, injin ɗab'i da nasa.

Lissafin da ke lanƙwasa waɗannan layuka daga masana'antar mota ya fito. Paul de Casteljau a kamfanin Citroën, a 1959, da Pierre Bézier a Renault, a farkon shekarun 1960, kowannensu ya nemo hanyar siffanta jikin mota da 'yan wurare kaɗan, har lanƙwasar ta ɗauki sunan Bézier. John Warnock da Charles Geschke, waɗanda suka kafa Adobe a 1982, sun ɗora harshen PostScript a kan wannan tushe, firintar LaserWriter ta kamfanin Apple ta fito da shi kasuwa a 1985. PDF, wanda ya bayyana a 1993 kuma ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 32000 a 2008, ya gaji wannan tsarin zane daga PostScript. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ke mantawa: PDF mazubi ne, ba nau'in zane ba. Yana ɗaukar zanen lissafi, yana ɗaukar haruffa, yana kuma ɗaukar hoton ɗigo, duk a shafi guda. Haka tsarin fayil na SVG yake, haka na EPS yake. Mutum zai iya ɗaukar hoton fuskar kwamfuta ya cusa a cikin SVG, sunan fayil ya sauya, hoton yana nan yadda yake. Haruffa ukun da ke ƙarshen sunan fayil ba shaida ba ce ta abin da ke cikinsa.

Wani zai ce ai ƙawa ce kawai, tunda ana iya gane zanen. A hoton biki watakila haka ne, amma a takardar fasaha kaurin layi magana ce. Ma'aunin zanen injiniya, ISO 128, ya jera kaurin layuka kamar haka a milimita: 0.13, 0.18, 0.25, 0.35, 0.5, 0.7, zuwa sama. Layi mai kauri yana nuna gefen da ido ke gani, siriri yana nuna awo, mai tsinke-tsinke yana nuna abin da ke ɓoye a baya. To a yi lissafi. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. In aka mai da zane hoto mai ɗigo 72 a inci, faɗin kowane ɗigo ya kai milimita 0.35, ma'ana layuka huɗun farko na wancan jeri duk ba su wuce ɗigo ɗaya ba. Bambancin da ke tsakaninsu ya tafi, abin da ya rage ɗan bambancin duhu ne da ba a dogara da shi. A ɗigo 150 ma, inda ɗigo yake milimita 0.17, layin 0.25 ɗigo ɗaya da rabi ne, kuma tunda babu rabin ɗigo, sai manhaja ta shafa toka-toka a gefe don ta cike giɓin. Ƙaramar lamba da ke kan layin awo kuwa, ɗige-ɗige kaɗan ne ke raba 3 da 8, ko 1 da 7, kuma ɗigon da ke raba 1.5 da 15 yana iya narkewa gaba ɗaya. Makanikin da zai ɗaure kusa bisa wannan lamba ba ƙawa yake nema ba.

Saboda haka matakin farko bincike ne, ba taɓa saiti ba. A buɗe fayil ɗin da aka fitar, ainihin wanda za a raba, a faɗaɗa zanen zuwa kashi 800 ko 1600 cikin ɗari. In layin ya ci gaba da kaifinsa, zanen lissafi ne, lafiyarsa ƙalau. In gidajen tabarma suka bayyana, an riga an mai da shi hoto. Sai a gwada zaɓar rubutun da ke cikin zanen da linzamin kwamfuta, a kuma nemi wata kalma daga ciki da akwatin bincike. In ba ta samu ba, ko dai an mai da haruffan siffofi, ko kuma sun tafi tare da sauran zanen. Mai son tabbaci yana da kayan aiki na kyauta a cikin tarin Poppler: pdfimages yana jero duk hoton ɗigon da ke cikin fayil, shafi bayan shafi, da faɗinsa da tsayinsa da yawan ɗigonsa a inci da irin matsewar da aka yi masa, pdffonts kuma yana faɗar irin haruffan da ke ciki da ko an cusa su a fayil ɗin. Shafin da ya kamata ya ƙunshi taswira kawai, amma pdfimages ya nuna ƙaton hoto a cikinsa, ya tona asirin kansa. Yawan ɗigon ma yakan nuna mai laifi: 96 yana nuni ga fuskar kwamfuta ko manhajar zane, 220 ga Word, 150 ko 72 ga wata matsewa da aka yi daga baya.

Galibin ɓarnar tun a ƙofar shiga take faruwa, lokacin da ake ɗauko zane daga manhajar da ta haife shi zuwa cikin takarda. Hoton fuskar kwamfuta shi ne mafi muni kuma mafi yawa. Zanen da aka yanko da faɗin ɗigo 800, aka shimfiɗa shi a faɗin santimita 16 na shafi, ɗigo 127 kacal yake da shi a inci, kuma babu saitin da zai ƙara masa ko guda. Kwafa da liƙawa ma tarko ne, domin manhajar da aka kwafo daga gare ta takan ajiye siffar ta fuskoki da yawa, wadda za ta karɓa kuma ta zaɓi wadda ta ga dama, sau da yawa hoton ɗigo. Tsohon tsarin EPS yana da nasa makircin: yakan ɗauki wani ɗan hoto mara kyau don a riƙa gani a fuskar kwamfuta, ainihin zanen kuma sai firinta mai jin PostScript ke fitar da shi, don haka duk hanyar da ba ta jin wannan harshe sai ta buga ɗan hoton. Microsoft ya rufe ƙofar EPS a Office a watan Afrilun 2017 saboda dalilan tsaro, abin da ya bar masu amfani da Word da EMF, tsohon tsarin Windows, da kuma SVG, wanda sababbin fitowar Office ke karɓa. A InDesign kuwa galibi zane ba ya zama a cikin takarda, ana nuna inda yake ne kawai. In aka motsa fayil ɗin asali ko aka sauya masa suna, abin da zai fita shi ne ɗan hoton wucin gadi da manhajar ke nunawa lokacin aiki. Masu rubutu da LaTeX sun fi samun sauƙi a nan, domin pdfTeX yana ɗaukar zanen da ke cikin PDF ya saka shi yadda yake, bai rage komai ba.

Da zarar zane ya zama hoto, sai ya faɗa hannun masu matsewa, kuma kowace manhaja tana da nata. Word yakan rage hotuna zuwa ɗigo 220 a inci sai dai in an hana shi a saitinsa. LibreOffice, lokacin fitar da PDF, ya saba rage su zuwa 300 tare da matse su da JPEG a mataki na 90. Ghostscript, wanda ke aiki a ƙarƙashin manhajoji da shafukan intanet masu yawa da ke rage nauyin fayil, yana da saitin fuskar kwamfuta mai ɗigo 72, da na littafin lantarki mai 150, da na firinta mai 300. JPEG kuma, tun da aka tsara shi a 1992, don hoton kyamara aka yi shi. Yana yanka hoto murabba'i-murabba'i, ɗigo takwas a takwas, ya zubar da sauyin launi mai kaifi da ido ba ya lura da shi a fuskar mutum ko ganyen bishiya. To amma baƙin layi a kan farar takarda ba komai ba ne sai sauyin launi mai kaifi, don haka abin da JPEG ke zubarwa shi ne zanen kansa, ya bar wani datti kamar ƙudaje a kewayen kowane harafi. Abin lura a nan, wanda shi ne ƙashin bayan hujjata, duk waɗannan matse-matsen hotuna kawai suke taɓawa. Zanen lissafi yana ratsa su ya fita kamar yadda ya shiga, domin ba shi da ɗigon da za a rage. Wanda ya kiyaye zanensa a matsayin lissafi ya tsira daga saitin da bai ma san da shi ba.

Wuri mafi wuyar ganewa shi ne inda mai zane ya yi komai daidai, ya ajiye SVG ko PDF na gaske, amma duk da haka wani yanki na zanen ya yi hazo, wani yankin kuma yana nan tas. A nan laifin na shara-shara ne da inuwa. PostScript bai san launin da ake hango na ƙasa ta cikinsa ba. A wurinsa fenti fenti ne, na sama yana rufe na ƙasa. PDF ma haka ya fara, sai a fitowa ta 1.4, a 2001, ya koyi shara-shara. Saboda haka duk lokacin da zane mai shara-shara zai bi ta PostScript, ko a fitar da shi a tsarin PDF 1.3, dole manhaja ta daddaɓe shi: ta yanka wuraren da siffofi suka hau juna gunduwa-gunduwa, ta lissafa launin kowace gunduwa, inda lissafin ya yi mata yawa kuma ta mai da wurin hoto. Shi ya sa ake ganin rubutu rabinsa da kaifi rabinsa a dushe, ko wasu siraran fararen layuka suna ratsa zane a inda gunduwoyin suka haɗu. Inuwa mai laushi da ke ƙarƙashin akwati a taswirar tsari ta fi haka muni, domin laushin nan na SVG ba shi da takwara a PDF. Inkscape mai zanen SVG, in zai fitar da irin wannan, yana mai da abin da ke da inuwar hoto, kuma saitinsa na asali ɗigo 96 ne a inci. A AutoCAD ma tagar da aka nuna da salon inuwa da haske takan fita a matsayin hoto, alhali wadda aka bari a layuka zalla tana fita a lissafi. Ni dai ban ga amfanin inuwa a taswirar bututun ruwa ba. Kwalliya ce da aka aro daga allon talla, kuma kuɗinta shi ne kaifin zanen. A cire ta, a maye launin shara-shara da launi mai haske wanda ba a hango komai ta cikinsa, matsalar ta ƙare ba tare da an taɓa wani saiti ba.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa fitar da PDF kai tsaye daga manhaja ya fi a bi ta hanyar bugawa zuwa firintar ƙarya. Hanyar bugawa an gina ta ne don takarda. Tana miƙa shafin ga direban firinta, shi kuma ya fassara shi gwargwadon fahimtarsa, a nan ne shara-shara ke daddaɓewa, mahaɗan da ake latsawa da alamomin babi su ɓace. Zaɓin ma'auni ma yana da hannu. PDF/X-1a, wanda maɗaba'u da yawa suka saba nema, da PDF/A-1 na 2005, wanda aka yi don adana takardu na dogon lokaci, duka biyun sun haramta shara-shara. Mutumin da ya latsa akwatin adanawa da kyakkyawar niyya yana iya zama shi ya tilasta wa manhaja ta lalata zanensa. PDF/X-4 da PDF/A-2, wanda ya fito a 2011, sun halatta ta. In wanda za a miƙa wa takardar zai karɓi waɗannan, babu dalilin komawa ga na dā. In kuma ya dage a kan tsohon, to a tsara zanen babu shara-shara tun daga farko, tun ran gini tun ran zane.

Haruffa ma zanen lissafi ne, kuma suna da nasu tarihin dishi-dishi. Duk wanda ya karanta takardun kimiyya na shekarun 1990 zai tuna rubutun da ke yin ƙazanta a fuskar kwamfuta amma ya fito lafiya a takarda. Dalilin shi ne haruffan Computer Modern na Donald Knuth ana mai da su ƙananan hotunan ɗigo daidai da firintar da za ta buga, a cusa su a fayil a haka. Sai da aka saki sigarsu ta lissafi kyauta a 1997 abin ya fara gyaruwa, kuma har yau mai LaTeX da bai girka cm-super ko Latin Modern ba yana iya faɗawa wannan rami. Word kuma yana da wani akwati a saitin PDF da ke cewa a mai da rubutu hoto idan lasisin haruffan ya hana a cusa su. Mai rubuta takardar fasaha da Hausa yana da ƙarin abin kiyayewa: salon haruffa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai manhaja ta aro su daga wani salo, su fito da kauri daban a tsakiyar kalma, ko su zama akwati fanko a kwamfutar mai karatu. Charis da Andika na cibiyar SIL, da Noto na Google, suna ɗauke da su duka, kuma lasisinsu ya yarda a cusa su. Wasu kan kauce wa duk wannan ta mai da haruffan zane siffofi zalla. Kaifi yana nan, amma an rasa damar neman kalma, an kuma rufe ƙofa ga makaho mai amfani da manhajar karanta masa rubutu. A littafin gyaran injin mai shafi ɗari uku, inda ake neman lambar kayan gyara da akwatin bincike, wannan asara ce babba.

Akwai kuma ƙararrawar ƙarya. Wani lokaci fayil ɗin lafiyarsa lau, manhajar karatu ce ke shafa gefen layi don ya yi santsi a fuskar kwamfuta, ko ta ƙara wa siraran layuka kauri kamar yadda wani saiti na Acrobat ke yi. A buɗe shi a manhaja ta biyu, a faɗaɗa, a buga shafi ɗaya. In kaifin ya dawo, a bar fayil ɗin ya huta.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ita ce nauyin fayil: takardar da za a raba dole ta yi sauƙin saukewa, musamman inda data ke da tsada. Wannan hujja ta juya ne a kan mai ita. Shafin A4 a ɗigo 300 yana da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsayi, kusan miliyan 8.7, kuma duk lokacin da aka ninka kaifin sau biyu, yawan ɗige-ɗigen yana ninkuwa sau huɗu. Taswirar tsari mai akwatuna ashirin da kibiyoyi talatin kuwa, in lissafi ce, 'yan layukan umarni ne da ba su kai nauyin hoton fasfo ba. A mafi yawan zanen fasaha, mafi kaifi shi ne kuma mafi sauƙi. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Akwai zanen da lissafinsa ya fi hotonsa nauyi: jadawalin bincike mai alamomi miliyan guda, ko taswirar ƙasa mai layukan tudu da kwari bila adadin. Irin wannan yana sa wayar hannu ta daskare, firinta ta yi minti goma a shafi ɗaya. Na yarda da wannan, amma abin da ya biyo baya ba shi ne a miƙa wuya ga duk abin da manhaja ta ga dama ba. Mai zane ne zai yanke hukunci da kansa: ya mai da yankin mai nauyi kaɗai hoto, a kaifin da ya zaɓa, ya bar layukan awo da lambobi da rubutu a lissafi. Matplotlib mai zana jadawali, alal misali, yana ba da damar yin haka ga kowane sashe na jadawali. Bambancin da ke tsakanin hoton da aka yi da gangan da wanda ya auku bisa kuskure shi ne na farko an san girman da za a buga shi kafin a yi shi.

In kuma dole ce ta sa a mai da zanen layi hoto gaba ɗaya, saboda mai karɓa ba ya karɓar komai sai hoto, to a san cewa 300 da kowa ya haddace ma'aunin hoton kyamara ne. Kamfanin ɗab'in mujallun kimiyya na Elsevier yana neman 300 ga hoto, 500 ga hoton da aka haɗa da layuka, 1000 kuma ga zanen layi zalla. A lissafa daga faɗin da zanen zai ci a shafi, a fitar da shi sau ɗaya daga tushe, a ajiye a PNG ko TIFF waɗanda ba sa zubar da komai, kada a bari JPEG ya kusance shi. Masu cewa suna mai da taswira hoto don kada a sace musu aiki kuwa, sun hukunta masu karatu dubu saboda ɓarawo ɗaya, wanda shi ma zai iya sake zana ta cikin yini guda.

Saura tambayar da ta fi ciwo: in fayil ɗin asali ya ɓace, hoto mai hazo kaɗai ya rage fa? Akwai manhajojin bin sawu, irin su Potrace da ke cikin Inkscape, masu zagaye gefen baƙi su mai da shi lanƙwasa. Suna aiki a kan tambari ko sa hannu. A kan taswira kuwa sukan mai da miƙaƙƙen layi mai rawa, kusurwa ta zama gwiwa, rubutu ya zama siffa mara ma'ana. Sababbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu ƙara wa hoto kaifi sun fi ban tsoro, domin abin da suke fitarwa yana da kyau. Ba sa dawo da abin da ya ɓace, kintata shi suke yi. An taɓa ganin irin wannan haɗari tun kafin zuwansu. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu na'urorin sikana na Xerox suna sauya lambobi a takardun da suka ɗauka, har da girman ɗakuna a taswirar gini, a wata takardar kuma 6 ta koma 8. Tsarin matsewar JBIG2 da suke amfani da shi yana ajiye siffa ɗaya ya maimaita ta a duk inda ya ga mai kama da ita, sai lambar ta fito fes, amma ba ita ba ce. Dishi-dishi aƙalla yana gargaɗin mai karatu ya yi hattara, lambar ƙarya mai kaifi kuwa ba ta gargaɗin kowa. Zanen fasahar da tushensa ya ɓace sake zana shi ake yi, wani ya duba kowace lamba da ido, ko da hakan zai ci kwana biyu.

Hanyar ba ta ƙare a fitar da PDF ba. Takardar da ta fita lafiya tana iya lalacewa a hannun wanda ya ga ta yi wa imel nauyi ya jefa ta a shafin rage fayil, ko wanda ya ɗauki hoton shafin ya tura ta WhatsApp, inda ake matse duk abin da aka aika a matsayin hoto amma a bar wanda aka aika a matsayin takarda yadda yake, ko mai shagon buga takardu da ya buɗe ta a Word don ya gyara gefe. Duk ma'aikatar da ke fitar da takardun fasaha ya kamata ta ajiye fayil ɗin asali na kowane zane kusa da takardar da ya shiga, ta rubuta hanya ɗaya ta fitarwa da kowa zai bi, ta kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba kwafin ƙarshe. Kai kuma mai karatu, kafin ka aika takardarka ta gaba, buɗe ainihin fayil ɗin da zai isa hannun mutane, je ka zanen da ya fi ƙananan lambobi, ka faɗaɗa shi zuwa kashi 800. In ka ga gidajen tabarma, kada ka taɓa saitin ɗigo, koma baya mataki-mataki har ka iske inda layin ya zama hoto.